Guɗa a Zauren Sentul

Titiwangsa, Kuala Lumpur

Zuwa ga Yayata Ramatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Abban Hanan da yara. Ya ƙafar Umma? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya fashi.

Yaya, kin ce kwana biyu na daina kiran ki ina kuka a karɓo ni gida. Gaskiya ne, kuma tun ranar da lif ɗin gidanmu ya lalace ne. Na dawo daga kedai, wato kanti, ina hawa bene da ƙafa, sai na ji wata murya mai kauri tana fitowa daga ƙofar da ke ƙasan tamu, kamar babban mutum yana kuka a hankali. Na ɗauka rasuwa aka yi. Na ajiye ledata na ƙwanƙwasa don in yi gaisuwa. Wata tsohuwar Baturiya ce ta buɗe, da sandar kiɗa a hannunta.

Sunanta Ornella, mutuniyar Italiya ce. Abin da take kaɗawa sunansa celo. Ki ɗauka goge ne, amma ya kusa kai ni tsawo, a ƙasa ake kafa shi tsakanin gwiwoyi. Da na gaya mata abin da ya kawo ni, ta yi dariya har da hawaye, ta ja ni ciki ta dafa mini shayi.

Kin san ni da littattafan soyayya, to rayuwarta ta fi su duka. Babanta kafinta ne, shi ya gyara mata wani tsohon celo tun tana ƙarama. Ta yi kiɗa a Milan, ta yi a Vienna da Tokyo, sannan wata ƙungiyar makaɗa ta ɗauko ta zuwa nan. Wata rana kuwa, a gaban jama'a, ta kai inda ake ɗan tsayawa tsakanin wani sashen kiɗan da na gaba, sai hannunta ya kama rawa. Ta kasa ci gaba, ta tashi ta fita. Tun daga nan yara kawai take koya wa.

Yanzu tsofaffin ɗalibanta sun kama mata wani ƙaramin zaure a unguwar Sentul don ta sake yin wasa a gaban jama'a. Ta amsa, amma ta ce in abin ya sake faruwa za ta sayar da celon ta koma garinsu. Ni dai kullum da hantsi ina sauka in zauna mata a matsayin 'yar kallo, ita kuma tana cinye mini dambun naman da kika aiko. Maigidana Malam ya ce ba laifi, tunda ya rage jin ƙorafina.

Ki sa ta a addu'a. A gaida Umma da kowa.

Ƙanwarki,
Raudatu

*

Zuwa ga Yayata Ramatu,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, kuma zazzaɓin Hanan ya sauka. Ki zauna kafin ki karanta wannan, don ƙanwarki ta yi abin kunya, kuma ban yi nadama ba.

An yi wasan. Tun a jirgin ƙasa Malam yake ja mini kunne cewa a irin wannan taro ba a tafi sai an gama gaba ɗaya, ko tari ma haɗiye shi ake yi. Na ce na ji. Na sa leshina mai ruwan zuma, aka zaunar da mu a layin gaba.

Ornella ta fito cikin baƙar riga, ta fara. Yaya, ban san lokacin da na manta da duniya ba. Na ga tsakar gidanmu, na ga Umma tana tankaɗe. Can sai kiɗan ya tsaya. Shirun ya yi tsawo, ta sunkuyar da kai, ba ta motsa ba. Ni kuwa na ɗauka an gama kenan, ta yi nasara. Kafin in ankara na miƙe, na kama hanci na rangaɗa guɗa irin wadda na yi ranar kamun Sakinatu.

Zauren nan kaf ya juyo. Wata 'yar China da ke kusa da ni har jakarta ta faɗi. Malam ya nutse cikin kujera kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai a lokacin na lura sandar tana karkarwa a hannun Ornella, ashe ko rabi ba ta kai ba.

Ta ɗago ta dube ni. Sai kafaɗunta suka fara girgiza, dariya ta ƙwace mata, mutane ma suka taya ta. Ta share ido, ta gyara zama, ta ɗora sandar. Abin da ta kaɗa daga nan ban taɓa jin ta yi shi ba ko a ɗaki. Da ta gama kowa ya tashi tsaye, sai da aka dawo da ita tana ta rusunawa. Na sake yin guɗa, wannan karon har Malam yana zuga ni.

A bayan dandali ta rungume ni, ta ce shirun nan ne yake kashe ta duk shekarun nan, ni kuma na fasa shi. Maganar sayar da celo ta mutu. An gayyace ta Penang da Singafo a watan Disamba, ta ce tana so ta ɗaga ido ta gan ni a layin gaba, amma in riƙe guɗar sai ƙarshe.

Na san Disamba ne kuka shirya zuwana, kuma na san Umma ta ƙagu. Ki ba ta haƙuri, ki gaishe ta, ki ce bayan azumi ina tafe in Allah ya so. Na yi shawara da Malam, ya yarda. Bana ba zan zo hutu ba, zan raka Ornella.

Taki har kullum,
Raudatu