Kar Ka Je Wurin Wanzami

Tadrus ƙanena,

Na wuce kasuwar Asyut da albasa, ban so in tashe ka ba. Jiya Abuna Salib, limaminmu, ya tare ni a ƙofar coci. Bishop ya amince, ranar Lahadi zai ɗora maka hannu ka zama mai karanta Littafi a gaban jama'a. Abin da ka daɗe kana jira ya zo.

Don Allah kar ka je aski yau. Ka san sai Bishop ya yanki gashinka wuri biyar kafin ya naɗa ka, kuma in ya tafi sai baɗi. Abuna na dariya ya ce, "Baba Fam, ɗan abin da ya rage a kan ɗan'uwanka, ku yi gadinsa kamar gona."

Ni nawa ya ƙare tuni, kai kaɗai gidanmu ya dogara da shi.

Yayanka Fam