Ƙafar Tela a Ƙarƙashin Fiyano

Zuwa ga hasken ɗakina, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyin da na sha ban ƙara jin ƙishi ba, uwar 'ya'yana!

Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji huɗu ni da boko muka yi sallama, kuma ba wanda ya yi kewar wani. Na ba ƙanwarki ta miƙa miki ne saboda duk zuwan da nake yi asibiti sai in tarar da Inna zaune a bakin gadonki. Wa ya isa ya kira mace tauraruwa a gaban surukarsa? Sai in ce ya jiki, ki gyaɗa kai, in fito da sauran maganar cike da ciki.

Farin watana, tun ranar da ciwon nan ya ɗaure miki harshe gidanmu ya zama kamar bishiyar da tsuntsaye suka ƙaurace wa. Ni da nake cewa surutunki ya fi ƙarar kekena, yau ga ni ina kasa kunne ko zan ji an ce, "Malam, wa ya bar zare a kan tabarma?" Shiru. Yaran ma a hankali suke faɗa yanzu, abin ba daɗin ji.

Likita ya ja ni gefe ya ce wani lokaci wanda magana ta ƙi masa yakan iya rera tsohuwar waƙar da ta zauna masa a ƙirji, daga nan sai kalmomi su biyo baya. Ya kuma ce kada a bari a daɗe ba a gwada ba. Wannan ta ƙarshen ita ta hana ni sukuni, ban ma faɗa wa yaran ba.

Wace waƙa ce a ƙirjinki in ba ta kishin ƙasa ba, wadda iyayenmu ma suka tashi suka tarar? Kin tuna? Ina yaron shago a tsallaken makarantarku, ke kina gaban layi da safe kina ba da waƙa, ana buga muku fiyano ta taga. Muryarki kamar iskar da ke gaban ruwan sama! Ina kallonki na haɗe bakin aljihun wandon wani ɗan sanda, maigidana ya kusa cire min kunne. Wasu maza da waƙar soyayya aka kama su, ni da waƙar ƙasa aka yi ram da ni.

To, kada ki yi dariya har ki ƙware: koyon fiyano nake yi. Na roƙi malamin kiɗa na makarantar su Auta, ya ce in riƙa zuwa bayan an tashi. Haƙoran abin farare da baƙaƙe duk kama ɗaya gare su, sai na ɗauko allin ɗinki na yi musu alama kamar zan yanka yadi. Malam ya gani, ya dafe kai.

Yatsun da sauƙi. Ƙafar ce masifa! Fiyanon yana da feda a ƙasa, ita kuwa ƙafar nan tun ina saurayi ba ta san komai ba sai taka keke. Da hannu ya motsa sai ta hau aiki, sama, ƙasa, sama, ƙasa, sauti ya cakuɗe kamar an zubar da kwanuka. Kuma da na samu wuri miƙaƙƙe sai in ƙara wuta kamar ina kalmasa labule. Auta ta ce, "Baba, waƙar ƙasa ce fa, ba gudun tsira ba." Yanzu a ƙasa take zama ta rungume min ƙafa, ni ina kiɗa ita tana haki. A cikin waƙar akwai wurin nan da murya ke hawa sama, inda kike ɗaga haɓa ki lumshe ido. Kullum a nan nake faɗuwa, don da na iso sai in ji ki, in danna haƙorin da ba shi ba.

Malam zai ara min ƙaramin fiyano mai batir ranar da za a sallame ki. Ba shi da feda, alhamdu lillahi.

Amma tsoro nake ji, sanyin idona. In na buga kika buɗe baki, babu abin da ya fito fa? In na tuna miki abin da kika rasa, na ƙara miki ciwo a kan ciwo fa? Shi ya sa nake neman izininki tun yanzu. Gobe in na shigo, in kin yarda ki matsa min hannu. In ba ki yarda ba ki ture shi, wallahi ba zan ji haushi ba.

In kin yarda kuwa, ki shigo waƙar duk inda kika ga dama, a tsakiya ko a wutsiya, da kalma ɗaya ko da rabinta. Zan tafi a hankali, zan jira ki. In kuma muryar ba ta zo ba a ranar, kada ki kalle ni da idon ban haƙuri. Mu ɗora wa makaɗi laifi. Duk wanda ya ji kiɗana zai yarda. Washegari in sake bugawa.

Naki da magana, naki ba magana, har ranar da za a auna min farin yadi,
Telanki.