Na Jingina Allon Yayana a Bakin Titi

Anti Noreen, don Allah ki taimake ni. Ban ma sani ba ko irin tambayar da ake kawo miki ce, don na ga masu rubuto miki galibi rikicin aure ne ko na mai gidan haya. Ni tawa maganar allo ce. Dogon allon nan mai tayoyi huɗu da ake tsayawa a kai ana turawa da ƙafa ɗaya, shi nake so in saya don zuwa kwaleji, na kuma kasa zaɓa. Na yi ta zarya a kanti har sun san fuskata. In shiga, in tsaya, in duba, in ce zan dawo.

Shekarata ashirin, ina karatun aikin jinya a garin Fremantle, muna zaune a unguwar Hamilton Hill ni da Babana. Da mu uku ne. Yayana Hamish ya rasu bara, hatsarin mota ne a hanyarsa ta dawowa daga arewa inda yake aiki. Ba zan tsawaita a kan wannan ba, don ba ni da abin faɗa. Mutane suna tambayata yaya nake, in ce lafiya lau, kuma ba ƙarya ce ƙwarai ba. Ina ci, ina barci, ina wanke kwanuka. Kamar allurar likitan haƙori ce aka yi mini a duk jiki, har yau ba ta sake ni ba.

Hamish yana da wani allo da ya fi son sa da komai. Shi ya yi masa koren fenti a ƙasa, ya zana wani tsuntsu da ya rantse kwasakwasa ne, amma duk wanda ya gani sai ya ce agwagwa. Yana raye bai taɓa bari na hau ba. Cewa yake, “Guntuwa, ke da ko a kan kafet sai kin yi tuntuɓe?” Bayan rasuwar da 'yan watanni, Baba ya fito da shi daga gareji ya ajiye a gabana. Ya ce, “Auta, bas ɗin nan yana cinye miki safiya. Hau wannan.” Shi ke nan abin da ya ce. Na koya a titinmu, na faɗi, na tashi, har na iya.

Gaskiyar magana allon bai dace da ni ba. In na tsayar da shi yana kai mini ƙirji, ga nauyi, ga nisa daga ƙasa, kafin in isa kwaleji gwiwata ta dama ta gaji. Ba ya shiga ƙarƙashin kujera a aji, kullum sai na bar shi a bayan ƙofa mutane suna cin karo da shi. Sannan Hamish ƙafar dama yake sa wa gaba, ni kuwa hagu, saboda haka wuraren da takalminsa ya cinye saman allon ba su taɓa yin daidai da inda nake taka ba. Kullum ina kallon sawunsa a gefen nawa. Ban damu ba. Ko na damu ban sani ba.

Babana makanikin injin jiragen kamun kifi ne, kuma ba mai magana ba ne tun asali. Tun da abin ya faru sai ya ƙara rufe baki. Amma kowace Lahadi da safe yakan shimfiɗa wani tsohon tawul a teburin gareji, ya kwance tayoyin, ya wanke boris ɗin da ke cikinsu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga musu mai, ya juya kowace taya kusa da kunnensa. Ni kuma in kifa bokiti in zauna da kofin shayi. Ya ce yaya tayar bayan nan, in ce tana ɗan ƙara, ya ce, “Yashi ne. Kin sake bi ta bakin teku ke nan.” Hirarmu ta mako ke nan gaba ɗayanta. Ba ya ambaton sunan Hamish, ni ma ba na ambata.

Sai ga makon kwashe tarkace ya zagayo unguwarmu. Kowa ya fito da nasa ya jibge a ciyawar bakin titi, tsofaffin kujeru, katifu, firji da aka cire wa ƙofa, masu tsintar kaya da ƙananan tireloli ɗaure a bayan motocinsu kuma suna ta kewaya tun kafin motar ƙaramar hukuma ta zo. Kin dai san yadda abin yake, duk abin da ke kan ciyawar nan na wanda ya riga ɗauka ne. Teburin da nake rubuta miki wannan a kai ma a can na tsinto shi. A unguwar nan aka haife ni, Anti, ba baƙuwa ba ce ni. Amma wata safiya a makon na fito zan tafi kwaleji, na tuna na bar takalmin asibiti a ɗaki, sai kawai na jingina allon a jikin tsohon kabad ɗin da mu da kanmu muka fitar, na koma ciki. Da na fito kabad yana nan, allo babu.

Maƙwabciyarmu Misis Radich tana ba furanninta ruwa, ta ga komai. Tsohuwa ce mai kirki, sai dai in kika gaya mata magana da safe, kafin rana ta take an ji ta a ƙarshen titi. Ta ce, “Ai wani mutum ne da tirela, 'yar nan, har ya ɗaga mini hannu. Na ɗauka kun yanke shawarar rabuwa da shi ne, har na ce a raina gara haka.” Na ce mata to. Na tsaya ina kallon kabad ɗin, ina jiran in ji wani abu ya tsinke a cikina. Ban ji ba. Na je na hau bas.

Da yamma na ce wa Baba ruwa ne ya tare ni na bar allon a gidan ƙawata. Lahadi ta zo na ce ƙawar ta yi tafiya. Wata Lahadin na manta ma abin da na ce. Ni da ban saba yi masa ƙarya ba, sai ga ta tana fitowa sumul, ko gezau.

To shi ne na fara zuwa kanti. Akwai wata mai sayar da kaya a can, Marnie, ta yi haƙuri da ni ƙwarai. Ta nuna mini wanda ya yi ƙasa-ƙasa don turawa ta yi sauƙi, da gajere mai shiga ƙarƙashin kujera, da manyan tayoyi masu laushi da ba sa tsayawa in sun taka tsakuwa. Ina gyaɗa kai, amma idona yana kan wani dogo da ke rataye a bango, ƙirarsa sak na Hamish. Da na sa ta sauko da shi ta dube ni ta dube shi, ta ce, “Ƙawata, wannan ya fi ƙarfinki, sai dai in teburin guga kike nema.” Ba ta san abin da ke raina ba. So nake in saye shi, in yi masa koren fenti, in zana agwagwar, in goge samansa da samfefa a wuraren da sawun yake. Na san hauka ne. Mutumin da ke gane yashi da kunne ba zai kasa gane wannan ba. Duk da haka har fentin na saya, yana ƙarƙashin gadona.

Laccar safe kuma na fara rasa ta. Ba don bas ba ya zuwa ba. Yana zuwa, ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya tafi, ina zaune ina kallo. Malamarmu ta kira ni ta ce in aka ci gaba a haka ba za a tura ni asibiti koyon aiki a zangon nan ba. Na ce mata na gode.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Baba. Ya daina tambayar allon. Har yanzu yana shimfiɗa tawul ranar Lahadi, ya ajiye gwangwanin mai, ya goge sifanun da ba su yi datti ba, ya naɗe tawul ɗin. Ga wata sabuwar ɗabi'a, da mun ci abincin yamma sai ya ɗauki makullin a-kori-kurarsa ya ce zai ɗan sha iska. Rannan na hango shi a wani titi can bayanmu, yana tafiya kamar mai rakiyar gawa, kansa a waje yana leƙen garejin mutane. Asabar kuma sai kasuwar gwanjo, shi da ya tsani cinkoso. Ina ganin baƙin cikin ne ya fara taɓa shi, ina tsoron in ƙara masa. In na faɗa masa gaskiya, Lahadi ta ƙare, ba mu da sauran abin da za mu ce wa juna.

Wanne zan saya, Anti? Wanda ya dace da ni, ko mai kama da wancan?

Mai tafiya a ƙasa,
Hamilton Hill

*

'Yata, sannu. Na karanta wasiƙarki, na ajiye, na sake ɗauka. Bari mu fara da allon tunda shi kika tambaya, kuma tambaya ce ta gaske, don karatunki yana rataye da ita.

Ki saurari Marnie. Mai zuwa makaranta kullum abin da take bukata shi ne allo mai ƙasa-ƙasa da ba zai kashe mata gwiwa ba, tayoyi manya masu laushi saboda tsagar hanya da tsakuwa, da tsayin da za ta iya ɗauka a hannu ɗaya ta hau bene. Ki cire kunya ki hau kowanne a cikin kantin, ki ɗan tura, wanda ƙafarki ta sauka ƙasa ba tare da kin durƙusa ba shi ne naki. Ki haɗa da hular kwano, kuma ki riƙa sa ta. Na bangon nan ki bar shi a bango. Fentin kuma ki yi wa tukunyar fure.

Ba na ganin laifinki da kika yi tunanin kwaikwayon. Kina so ki tsare wa mahaifinki abu ɗaya da ya rage masa ne, wannan kuwa ƙauna ce, ko da ke ba ki jin ta a jikinki yanzu. Mantuwar da kika yi ma mantuwa ce irin ta wanda hankalinsa ya gaji. Mai tirelar ba ɓarawo ba ne, ke ma ba mai laifi ba ce. Sai dai ki duba ɗaya gefen. Ranar da Babanki ya kifa allon bogi a kan tawul ɗin nan, dole ya zaɓi ɗaya, ko ya kunyata ki, ko ya yi shiru ya riƙa ɗiga wa ƙarya mai kowace Lahadi don kada ranki ya ɓaci. Daga yadda kika kwatanta shi, na biyun zai yi, kuma zai fi masa ciwo.

Yanzu ki koma ki karanta abin da kika rubuta da hannunki. Kina da maƙwabciyar da ba ta kwana da magana. Kina da uban da ya daina tambaya. Wane mai shan iska ne yake tafiya kansa a waje yana leƙen gareji? Me makanikin da ya tsani cinkoso yake nema a kasuwar gwanjo? 'Yata, Babanki ya sani. Ina kyautata zaton tun makon farko ya sani. Neman allon yake yi, yana so ya samo shi ya ajiye miki ba tare da kin sha wahalar faɗa ba. Ke kina ɓoye masa don ki tsare shi, shi yana ɓoye miki don ya tsare ki, kowa yana ɗauke da kayan shi kaɗai a gida ɗaya.

Ko za a samu allon, ban sani ba, kuma ba zan yi miki alkawari ba. Ku manna hotonsa a turakun wuta, ku sa a dandalin unguwa, ku faɗi na wane ne. Irin agwagwar nan ba ta da biyu, kuma mutane da yawa in suka ji labarin da kansu za su kawo. In an samu, ku rataye shi a gareji ya huta. Sabon kuma ku je ku zaɓa tare, don shi ma borisinsa zai sha yashi, zai bukaci mai ranar Lahadi. Ki je wurin malamarki ki gaya mata abin da kika gaya mini, ki kuma nemi ganin mai ba da shawara na kwalejinku. Wannan rashin jin komai da kike faɗa ba taurin zuciya ba ne, amma ya daɗe, bai kamata ki zauna da shi ke kaɗai ba.

Ba sai kin shirya dogon jawabi ba. Gobe in ya ɗauki makulli ya ce zai sha iska, ki sa takalminki, ki buɗe ɗaya ƙofar ki zauna. Ki ce masa, “Baba, kai ka duba dama, ni in duba hagu.”

Allah ya ba ku haƙuri ku biyun, ya sa ki gama karatunki lafiya.

Anti Noreen