Shekara Biyar Ina Juya Takardar Da Ban Iya Karantawa Ba

Goggo Mai Shawara, don Allah ki cece ni kafin Asabar, ƙaryar da na shuka tun ina saurayi ta isa girbi.

Ni mai gyaran wuta ne. Matata kuwa fiyano take kaɗawa a wata ƙungiya ta mutum huɗu: ita, da masu gogen Turawa biyu, da wani dogo mai sarewa. Duk ƙarshen wata suna wasa bayan la'asar a ƙaramin zauren ɗakin karatu, kujera saba'in, babu lasifika, ko tari ka yi sai an harare ka. Sukan fara da tsohon kiɗan da ake bi a rubuce, su shiga wani salon kiɗan Amurka da ake kira jaz, su rufe da waƙoƙin gargajiya na ƙasashe daban-daban.

Lokacin da nake nemanta na ga takardar kiɗa a hannunta, ɗige-ɗige kamar tsuntsaye sun jeru a kan waya. Bakina marar linzami ya ce ai ni ma na iya karantawa. Goggo, ko sama da ƙasan takardar ban sani ba. Muna yin aure ta ɗora mini aikin juya mata shafi, tunda hannuwanta biyu suna kan fiyano.

Girarta ce ta rufa mini asiri. Na lura duk ta kusa ƙarshen shafi sai girar hagu ta ɗaga, ni kuma in miƙe in juya. Shekara biyar ban taɓa kuskure ba. Surukata har nuna ni take wa ƙawayenta, wai ga masanin kiɗa.

To yanzu tana da ciki wata takwas, cikin yana riga hannunta isa fiyano, likita ta ce ta huta. Tsohon malaminta zai zauna a madadinta, ta kuma ce masa ya kwantar da hankali, mijinta gwani ne. Jiya muka yi gwaji. Dattijon nan wani baƙin tabarau gare shi da ya haɗiye girar ɗungurungum, fuska kamar bangon siminti. Da hancinsa ya motsa na yi wuf na juya, ashe ƙuda ne. Na biyu na haɗa shafi uku, mai sarewa yana tsakiyar kuka dattijo ya kai ƙarshen kiɗa. Da aka shiga jaz, inda ashe kowa daga kansa yake kaɗawa, takarda ɗaya ce tal, ita ma na juya masa farin bayanta. Ya tsaya, ya tambayi sana'ata. Na faɗa. Ya ce Allah ya sa albarka a cikinta, in riƙe ta da kyau.

Ranar Asabar matata da uwarta za su zauna layin gaba. Na yi tunanin naɗe hannu da bandeji. Na kuma san inda akwatin wutar zauren yake, ni na haɗa shi. Ba kunyar mutane ce ta fi damuna ba. Tsorona ta ce in wannan ƙarya ne, saura me?

Mai Juya Shafi

Ɗana Mai Juya Shafi,

Fara da ajiye filaya. Wasan rana ne, babu lasifika, kai ka faɗa. In ka yanke wuta fanka ce kawai za ta tsaya, ka sha kunyarka cikin gumi. Bandeji kuma ƙarya ce za ka goya a bayan ƙarya.

Ka yi laifi, ba zan shafa maka mai ba. Ka bar baiwar Allah tana cika baki da kai a gaban malaminta, kuma tana da haƙƙin yin fushi. Amma a ɗaya gefen, namijin da ya shekara biyar yana karanta fuskar matarsa bai taɓa kuskure ba, ba abin yarwa ba ne. Akwai masu shekara talatin da ba su san matansu suna da gira ba. Sannan ina tantama gira ta riƙa ɗagawa a daidai wuri ɗaya shekara biyar bisa tsautsayi. Mai yiwuwa an daɗe da gano ka, ana dai lallaɓa ka. Kada ka dogara da wannan. Ko ta sani, daga bakinka ya kamata ta ji.

Yau, bayan ta ci abinci ta miƙe ƙafa, ka zauna ka faɗa mata tun daga farko, ba kwana-kwana. In ta yi faɗa ka sha, in ta yi dariya ka sha. Gobe ka je wurin dattijon, wanda shi kam ya gama sani, ka roƙe shi ya riƙa gyaɗa maka kai a ƙarshen shafi. In ya ƙi, ka ba wanda ya iya kujerar, ka koma kusa da matarka ka yi tafi. Daga baya ka roƙe ta ta koya maka karatun, layi ɗaya a rana, tunda zaman gida ya same ta.

Surukarka kuwa ka bar wa 'yarta, ita ta san ta inda ake shigarta.

Allah ya sauki maiɗakinka lafiya, ya ba ka ƙarfin halin buɗe baki tun kafin rana ta faɗi.

Goggonku