Kada a Sayar da Magagarin Baba

Yaya Mustapha,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina Inna da ciwon ƙafa, ina su Hajara da dukan mutanen Ƙofar Kware? Ni lafiya lau nake a Italiya. Inji ya ɗan taɓa mini yatsa, amma tara sun ishe ni aiki. Kada Inna ta ji.

Na ji kana shirin sayar wa 'yan gwangwan kayan gyaran keken Baba. Saurara tukuna.

Kamfanin da nake aiki, mu sha huɗu ne, muna ƙera faifan haƙoran da sarƙar keke ke hawa. Uban tsohuwar da ke da kamfanin ne ya fara shi a bayan gida, yana gyara haƙoran faifai da magagari ɗaya, kamar Baba. Magagarin na nan cikin gilashi, baƙi har hoto suke ɗauka.

Makon jiya na juya wani faifai, na kara kunne yadda Baba ke yi, na ce haƙori ɗaya ya karkace. Suka yi dariya, suka auna, haka ne. Tsohuwar ta ce, “Wace makaranta ka yi?” Na ce, “Gindin darbejiya, Sakkwato.”

Zan dawo da sana'ar nan in Allah ya so, kuma a rumfar Baba da ke gindin darbejiyar za mu fara. Ka shafa wa magagarinsa mai, ka ɓoye. Namu ba gilashi zai shiga ba, aiki zai koma.

Allah ya jiƙan Baba.

Ƙaninka,
Jalaluddeen