Ƙaramar Lasifikar Ba Ta Yi Magana Ba, Baba

Tanut, cikin hutun damina

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuta maka. Da kana raye ban isa ba, ko ido ba na iya haɗawa da kai, balle in cika takarda da magana. Na kuma san ba za ka karanta ba. Kai da ka yi shekaru a gidan waya kana ɗaure jakunkunan wasiƙu, ka fi kowa sanin babu jakar da take zuwa inda kake. Amma akwai abin da na riƙe wata takwas, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Bari in fara da labarin gida. Ruwa ya makara bana, amma ya zo. Geron gonarmu ta hanyar Ollelewa ya wuce ƙugu, Baffa Sani ne yake kula da ita. Inna ta fita takaba. Ta rame, ba ta dai kwanta ba. Jar akuyar nan da take cin takardunka ta haifi biyu. An kawo wani daga Damagaram ya zauna a kujerarka, mutane suna cewa yana da kirki, sai dai ba ya karanta wa tsofaffi wasiƙa sau biyu kamar yadda kake yi. Ni kuma na ci jarrabawa, zan shiga aji na gaba idan an koma lakol, makarantarmu ta kwana a Damagaram.

Akwatinka na kiɗa yana nan cikin zaure inda ka bar shi. A kansa nake son yi maka magana.

Ka tuna yadda ka haɗa shi? Babbar lasifikar daga rediyon wani Bature ka ciro ta, wanda ya bar maka ita a lalace da zai koma ƙasarsu bayan samun mulkin kai. Ƙaramar kuma wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo maka daga Kano a naɗe cikin hularsa. Tsakaninsu ka kafa ɗan katako, da jan waya da ka naɗa da hannunka a jikin sandar zaren tela, da kondansatar mai kama da guntun kara. Ka ce a littafi sunan abin filtar, amma kai rariya kake ce masa, don tankaɗe sauti yake yi: tsaki, wato ganga da muryar maza, ya tafi wurin babba, lallausan gari kuma, wato goge da sarewa, ya tafi wurin ƙarama. Inna takan ce duk mazan Damargu kai kaɗai ne kake tankaɗe a zaure, kuma ba a taɓa ganin tuwon ba.

Ban san kunnenka ya taɓu ba sai da na girma. Abin jin waya da ka yi shekaru kana sawa a kunne ya cinye maka siririn sauti. Ganga kana ji, goge ba ka ji. Shi ya sa kake sa a kira ni bayan la'asar. Ni ce ta fari, ba ka kiran sunana, ba ka zama hira da ni, haka aka saba kuma ban taɓa jin haushi ba. Sai dai ka ce wa Inna ta turo maka 'yar lakol. In zo in zauna bakin ƙofa, ka ɗora faifai, ka kwance waya zagaye biyu ko ka ƙara uku, ka tambaye ni ba tare da ka dube ni ba ko gogen ya fito. In ce ya fito, ko in ce da saura. Duk maganar da muka taɓa yi da kai, idan aka tara ta, rabinta wannan ce. Ka san a Damagaram ina ƙirga kwanakin da suka rage a yi hutu saboda ita?

A ƙaramin hutun da ya wuce na tarar ba ka da lafiya. Tari ya hana ka zuwa aiki. Duk da haka ka sa aka hura maka gawayi, ka ɗora ƙarfen narka dalma, ka ce an samo maka sabuwar kondansatar wadda ta fi tsohuwar, kana so ka sa ta kafin in koma. Ka daɗe kana fama. Sau biyu ƙarfen yana faɗuwa daga hannunka. Da ka gama ka jingina da bango, gumi yana zubo maka cikin sanyin nan, ka ɗora faifan gogen da ka fi so, ka yi mini tambayar da ka saba.

Baba, ƙaramar ba ta yi magana ba. Ko kaɗan. Gogen yana fitowa ta babbar kamar an rufe shi da bargo. Na ji haka tun daga farkon faifan. Amma na ga yadda kake numfashi, na ga kana murmushi, abin da ban cika gani ba. Ta yaya zan ce maka duk wahalar nan ba ta yi ba? Sai na ce ya fito, har ya fi da. Ka gyaɗa kai, ka ce alhamdu lillahi, ka rufe bayan akwatin da kusoshi. Bayan kwana uku na hau mota. Bayan mako biyar shugabar makaranta ta kira ni ofishinta.

Kai ka ɗauke ni kunnenka, ni kuma na yi maka ƙarya. A aji, a wurin cin abinci, har cikin salla, abin yana dawo mini. Da na dawo wannan hutun Baffa ya sa faifai don baƙin da suka zo daga Falanko, yana yabon aikinka, yana cewa ko a Damagaram babu akwati mai murya irin wannan. Kowa ya yarda. Ni na tashi na shiga ɗaki.

Shekaranjiya da hantsi, bayan Baffa ya tafi gona, na ɗauko kayan aikinka na cire kusoshin. Na yi zaton zan tarar lasifikar ta ƙone, abin da ya fi ƙarfina. Ba ta ƙone ba. Ƙafa ɗaya ta sabuwar kondansatar ce dalma ba ta kama ba. Ta taru a gefe kamar ƙwayar gero, wayar kuma tana tsaye kusa da ita, tazarar ba ta kai kaurin farce ba. Shi ke nan fa. Da na buɗe baki ran nan, kafin shayi ya tafasa ka gyara. Da ka tafi da aikinka a kammale.

Na daɗe ina kallon ɗigon dalmar nan. Shi ne abu na ƙarshe da hannunka ya yi, na ji kamar bai kamata in taɓa ba. Daga baya na hura gawayi. Ban taɓa riƙe ƙarfen ba, kallo kawai nake yi, na ƙone yatsa biyu kafin ta kama. Dalmarka na narkar, ban ƙara wata ba. Na haɗa batir, na ɗora faifan nan. Gogen ya fito siriri, tsaf, har ana jin gashin yana gogar tsirkiya.

Inna tana daka a tsakar gida. Na ji taɓarya ta tsaya. Ta zo bakin zaure da gari a hannunta, ta saurara har faifan ya ƙare, sannan ta ce yau dai ƙaramar ta tashi daga barci. Na tambaye ta ko ta sani. Ta ce shekara nawa tana jin akwatin nan ta bayan katanga, an ce mini ita kurma ce? Ta ce tun ran nan ta ji, ta so ta gaya maka da ta kawo maka kunu, ta ga kana cikin farin ciki, ta haɗiye. Ta zauna a ƙasa kusa da ni, muka yi kuka tare. Tun rasuwarka ba mu yi ba.

Da za ta tashi ta ce wani abu da ya hana ni sukuni. Ta ce ita ba ta yarda ba ka sani ba. Wai bayan tafiyata ta sha ganinka kana ɗora yatsa a kan takardar ƙaramar lasifikar lokacin da faifai yake juyawa, ka daɗe, sannan ka janye. Lasifikar da take aiki tana rawa a ƙarƙashin yatsa, ko kurma zai gane. Haka ne, Baba? Ka sani ka yi shiru? Ƙarfi ne ba ka da shi na sake buɗewa, ko ba ka so a ce 'yar lakol ta yi kuskure? Ko jira kake in dawo in faɗa da bakina?

To ga shi na faɗa. Ban ji gogen ba ran nan, na ce na ji. Ka yafe mini. Ina roƙon Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka huta.

Akwai wasu tambayoyin da ka yi mini ta bakin Inna, na amsa da to alhali ba haka ba ne a raina. Ko ina jin daɗin kwana a makaranta. Ko ana dukanmu. Ko da gaske aikin malanta nake so. Ba zan iya faɗar su duka yau ba, yatsuna suna ciwo, takardar ma ta kusa cika. Idan ka ba ni izini, zan sake rubuto maka idan na koma Damagaram, in ba ka amsoshin gaskiya ɗaya bayan ɗaya. Ka yarda, Baba?

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Rakiya