Tsamin Giyar Alkama

Lahadi, 4 ga Maris, 2007
Wata biyu ke nan ban ga al'ada ba. Saurayina Ɗanladi kuwa, tun da bizarsa ta ƙare ya koma Kafanchan, wayarsa a kashe. A garin Larabawan nan mace ta yi ciki ba takardar aure, kurkuku ne, daga nan sai a kore ta gida a jirgi. Yesu, ka ji ƙaina.

Talata, 6 ga Maris
Amai. Ko ƙanshin shinkafa ba na so.

Laraba, 7 ga Maris
Manaja ya tara mu masu kai wa baƙi abin sha, wai sabuwar giya ta zo otal daga Beljiyam, sai kowa ya ɗanɗana don ya iya yin bayaninta. Ta alkama ce, wai manoma ke dafa ta a gida saboda masu girbi. Ba ta da haske, kumfa tuli. Kowa ya kurɓa ya yamutsa fuska. Ni da ko burukutun Mama ban taɓa iya haɗiyewa ba, ina kai ta baki yawuna ya tsinke. Tsami kamar kunun da ya kwana, ga yaji-yajin masoro da ɓawon lemo. Na shanye tas, na haɗa da na ta kusa da ni. Kuma ta zauna a cikina, abu na farko cikin kwana huɗu.

Na kai kofuna kicin, ashe Anti Hannatou mai wanke-wanke, 'yar Maraɗi, tana kallona ina lasar bakin kofi.

"Ke Sabina ɗiyata, wannan kwaɗayin tsami, wata nawa?"

Na shiga uku. Kalma ɗaya ta faɗa wa manaja, tawa ta ƙare.

Asabar, 10 ga Maris
'Yar ɗakinmu ta rubuta min lambar wata mai sayar da ƙwayar zubar da ciki a unguwar Abu Hail. Wai kwana ɗaya, khalas, an gama. Takardar tana aljihuna. Tsoro nake ji, tsoro.

Litinin, 12 ga Maris
Anti ba ta faɗa wa kowa ba. Tsamiya ta cusa min a hannu, ƙulle a leda. Wai in tsotsi wannan in bar waccan giyar, "yanzu ba ke kaɗai ke sha ba." Haushi ya kama ni. Wa ya ce mata zan bar cikin nan ya zauna?

Juma'a, 16 ga Maris
Manaja ya zuba min giyar da kansa, wai na fi kowa sayar da ita. Ƙanshin ya buge ni, yawu ya cika min baki. Na ajiye, na ce olsa ke damuna. Ba don komai ba, kawai dai.

A kwalekwalen komawa unguwarmu Deira na rasa inda zan tofa ƙwallayen tsamiya, na tofa a takardar lambar nan na jefa ruwa. Na biya ta ofishin masu tikiti na tambayi ranar da ake samun jirgin Kano. Tambaya ce kawai.

Tsamiyar ta ƙare. Gobe zan roƙi Anti ta ƙaro mana.